Shekara uku da manhajar da nake ɓoyewa a wayata

Na sauke Grindr, manhajar da maza masu sha'awar maza ke haɗuwa ta cikinta, a wayata a shekarar da aiki ya kai ni Abuja, ina da shekara 27, ban kuma taɓa buɗe baki na gaya wa kowa cewa maza nake sha'awa ba. Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda take nuna nisan da ke tsakaninka da kowane mutum, wani mita 400, wani kilomita biyu, domin a daren farko na gane cewa ba ni kaɗai ba ne a unguwar, kuma duk wanda ya tashi cikin irin wannan kaɗaici ya san nauyin da ya sauka daga ƙirjina. Sai daga baya na fahimci cewa wannan lissafin nisan yana iya kai mai mugun nufi har ƙofar gidanka.

A shekara ta biyu aka yi mini abin da ake kira kito, wato tarkon da ake ɗana wa irinmu don a yi mana fashi da barazanar tona asiri. Mun shafe mako biyu muna hira da wani saurayi mai ladabi, wanda ya ƙi yarda mu yi kiran bidiyo bisa hujjar cewa kyamarar wayarsa ta lalace, ni kuwa na yi masa uzuri saboda zuciyata ta riga ta amince da shi. Ya kwatanta mini wani gida a bayan gari, kuma ban kai ga zama ba sai ga mutum uku sun turo ƙofa. Suka lakaɗa mini duka, suka ɗauke ni bidiyo, suka tilasta mini buɗe manhajar banki suka kwashe albashin wata biyu, sannan suka kwafi lambar mahaifiyata da ta yayana. Sun san sarai ba zan kai ƙara ba. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi, da shekara 10 a kan shiga ƙungiyoyinmu ko bayyana soyayya a fili, saboda haka wanda aka yi wa fashi ya fi ɗan fashin tsoron ofishin 'yan sanda. A wurin aiki na ce hatsarin babur na yi.

Tsoron nan ne ya so ya kai ni ga halaka ta fuskar lafiya. Wata rana kwaroron roba ya fashe, kunya ta sa na yi kwana biyu ina saƙa da warwara, har wani aboki ya gaya mini cewa akwai maganin da ake kira PEP, wanda dole a fara shi cikin awa 72 a kuma sha shi tsawon kwana 28 don kauce wa kamuwa da HIV. Saura kaɗan lokacin ya ƙure na isa wani asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ba ta yi mini wa'azi ba, sai ta ce, "Ɗana, an gode Allah da ka zo yau." Daga bakinta na ji cewa akwai maganin PrEP da ake sha tun kafin saduwa don kariya daga HIV, cewa ciwon sanyi yana iya zama a maƙogwaro ba tare da wata alama ba, cewa gyambon tunjere yakan warke da kansa alhali cutar tana nan a jini, kuma ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi. Tun daga lokacin nake gwaji duk wata uku. Ban ƙara dogara da abin da mutum ya rubuta game da lafiyarsa a manhajar ba, ni ma ba na rubuta nawa, tunda a 2018 ta fito fili cewa kamfanin ya riƙa miƙa bayanan HIV na masu amfani da shi ga wasu kamfanoni biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan magidantan da na haɗu da su, waɗanda dangi suka matsa musu suka yi aure. Ɗaya daga cikinsu ya shaida mini bai taɓa gwaji ba, don yana gudun a gan shi a layi, alhali matarsa tana da ciki. Na raka shi da kaina.

Duk da haka, aminaina biyu na yau a manhajar na same su. Su nake tura wa adireshi kafin in fita, ba na haɗuwa da kowa sai mun ga juna a bidiyo, haɗuwar farko kuwa da rana ce a bainar jama'a, da ƙaramar waya wadda babu manhajar banki a cikinta. Mutanen da suka kama ni ba su sake nema na ba, amma bidiyon yana hannunsu, kuma har yau idan Hajiya ta kira ni da dare, sai na ji muryarta a sake kafin gabana ya daina faɗuwa.