Labarai na gudu, manhaja na rarrafe

Shekaranjiya bayan an tashi wata ɗaliba ta tare ni a ƙofar aji, wai malam wannan ChatGPT ɗin, fasahar kwamfuta mai amsa tambayoyi da kowa ke maganarta, zai fito a jarabawa? Na yi dariya na ce mata a'a. Amma da na koma na buɗe littafin kwamfutar da muke koyarwa da shi sai dariyar ta tsaya min, don har yau akwai shafi guda cur a kan floppy disk, wato tsohon faifan ajiye bayanai na kwamfuta, abin da yaran nan ko a mafarki ba su taɓa gani ba.

Ni dai abin da na lura, ba son ilimi ke sa gwamnati ta taɓa manhajar karatu da gaggawa ba, tsoro ne. A 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Sputnik sararin samaniya, hankalin Amurka ya tashi wai an sha gabansu, a 1958 kuwa majalisarsu ta yi dokar ilimi da sunan tsaron ƙasa, aka mayar da hankali kan lissafi da kimiyya da harsunan waje. Amma fa su da suka yi dokar sun haɗa da kuɗi, har da na horar da malamai, wannan ɓangaren ne masu kwaikwayo ke tsallakewa.

Wani lokacin kuma cirewa ake yi. Bayan kisan kiyashin 1994 Ruwanda dakatar da koyar da tarihin ƙasar ta yi a makarantu, shekaru da dama, saboda an rasa wane labari za a ba yaran da iyayen wasu suka kashe iyayen wasu kuma suna zaune benci ɗaya. Wannan kam ban ga laifinsu ba, wallahi ko ni aka ba alli a ajin nan ban san ta ina zan fara ba.

Wanda ke ba ni haushi shi ne na rawar kai. Makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe ChatGPT a Janairun 2023, kafin Mayu ya ƙare sun janye. Wata huɗu kacal! Italiya kuma a 2019 ministan iliminta ya sanar da awa 33 a shekara na darasin sauyin yanayi, kafin shekarar ta fita shi kansa ya ajiye aiki. Ba wai darasin ba shi da amfani ba ne, yana da shi sosai, tambayata ita ce daga ina awannin za su fito? Mako dai bai ƙara tsawo ba. Kullum takarda ce za ta sauko daga sama a ce a ƙara kaza, ba a taɓa cewa a sauke kaza, malamin da aka ɗora wa kayan kuma ba wanda ya zaunar da shi ko na kwana biyu ya koya masa, sai ya je ya yi ta lalube a waya da daddare, washegari ya tsaya gaban yara kamar gwani.

Yau dai na saci minti goma daga darasin floppy disk ɗin, na buɗe wayata muka yi wa ChatGPT tambayar lissafi, na sa su bi amsar layi-layi su ga ko daidai ne. Sauran mintunan muka koma kan floppy, tunda shi ne zai fito a jarabawa.