Zanen mace mai iko da fentin ruwa: abin da ke gyara aikin da abin da ke ɓata shi

Cikin ayyukan da ake kawo wa mai zanen sura akwai wani nau'i da ba a cika maganarsa a fili ba. Mutum ya zo yana son a zana masa mace a matsayin mai mulki, ita ke ba da umarni, sanye da baƙaƙen kaya na jemammiyar fata da dogon takalmi, wani lokaci da namiji durƙushe a gefen kujerarta. Wasu ma'aurata ne ke so don kansu, wasu kuma surar da suka ƙirƙira a zuci suke son gani a takarda. Mai zane yana da damar ya karɓa ko ya ƙi, ba wanda zai tilasta shi. Amma idan ya karɓa, zai tarar cewa ba batun ne ke kayar da shi ba. Abubuwa uku ne masu wuya a fentin ruwa suka haɗu wuri guda: fuska da ake kallo daga ƙasa, baƙar tufa mai sheƙi, da mai oda da ya riga ya gama zana hoton a kansa.

Kafin a jiƙa burushi, a gama magana a rubuce. Fentin ruwa ba ya karɓar gyara yadda fentin mai ke karɓa. Idan ka shafa baƙi a inda ya kamata hannu ya fito, hannun ya tafi ke nan. Don haka a yi yarjejeniya kan girman takarda, yawan mutanen da ke cikin hoton, tufafi, da iyakar abin da kai mai zane za ka nuna. A karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, a kuma fayyace cewa gyara yana tsayawa ne a matakin zanen fensir, sau biyu, ba ƙari. Bayan an fara zuba launi, duk wani canjin ra'ayi sabon aiki ne. Akwai sharuɗɗa biyu da ba a sassauta su ko nawa aka biya. Duk wanda ke cikin hoton baligi ne, kuma kamanninsa na baligi ne. Idan kuma fuskar wata mace ce ta gaske, sai ita da kanta ta rubuto amincewarta, ba mai oda ya ce ai ta sani ba. Wanda ya turo hoton tsohuwar budurwarsa, ko abokiyar aikinsa, ko wata fitacciya, a mayar masa da kuɗinsa. A rubuta kuma ko kana da izinin nuna aikin a shafinka. Yawanci amsar a'a ce, kuma ya fi kyau ka ji ta tun farko.

Yanzu ga tsarin hoton, wanda a ganina nan ne kashi mafi girma na aikin yake. Masu koyo suna ɗauka cewa kayan da aka tara ne ke nuna iko, sai su cika takarda da bulala da sarƙa da takalmi mai tsini, hoton ya fito kamar tallar shago. Iko yana fitowa ne daga inda idon mai kallo yake. Ka sa layin idon mai kallo a daidai gwiwarta ko ƙasa da haka kaɗan, yadda mai kallo zai ji kamar a ƙasa yake yana ɗaga kai. Da zarar ka yi haka, dole wasu abubuwa su biyo baya, kuma nan ne ake yin kuskure. Ƙafafu da gwiwoyi za su ƙara girma, kai ya ɗan ragu. Ƙarƙashin haɓa zai bayyana, ƙofofin hanci su fito, goshi ya gajarta, kunnuwa su sauko ƙasa da layin idanu. Layin da ya ratsa idanu biyu ba zai miƙe ba, zai lanƙwasa sama a tsakiya. Idan ka zana jiki daga ƙasa amma fuska daga gaba, kan zai zama kamar an ɗora shi ne a wuyan wata, kuma mai oda zai ce maka ba ta yi kama ba alhali bai san dalili ba.

Haɓa a ɗan ɗage, fatar ido ta sama ta rufe kusan sulusin ƙwayar, baki a rufe ba murmushi ba ɗaure fuska. Kafaɗu a sake. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: kafaɗa a ɗage alamar fushi ce ko tsoro, mai iko na gaske ba ta buƙatar yunƙuri. Hannu ɗaya a ajiye a hannun kujera, yatsu a sake. Idan akwai mutum na biyu, a bar shi a ƙasan takarda, a juya bayansa ko a sunkuyar da kansa, a yi shi da launi mai sanyi da gefuna marasa kaifi. Duk inda ka sa mafi duhu kusa da mafi haske, can ido zai tafi, to wannan wurin fuskarta ne. Ka gwada tsarin a ƙananan zane guda uku ko huɗu, kowanne bai wuce tafin hannu ba, da launi ɗaya kawai, kafin ka taɓa babbar takarda.

Takarda ta zama ta auduga zalla, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Takardun da ake sayarwa da sunan Arches da Fabriano Artistico da Saunders Waterford duk suna yi. Takardar da aka yi da markaɗaɗɗen itace tana da araha, amma ba ta jure shafi huɗu ko biyar, launin ƙasa yana tasowa ya cakuɗe da na sama. Akwai mai santsi da mai ɗan kaushi. Ga fuska ƙarama, a takarda A4 mai santimita 21 da 29.7, mai santsi ta fi fitar da gashin ido da layin leɓe, sai dai ruwa yana zama a samanta ya bar tabo da sauri. A girman A3 zuwa sama, mai ɗan kaushi ta fi sauƙin sarrafawa. Tun da wannan aikin yana shan ruwa da yawa a wurin baƙi, a ɗaure takardar: a jiƙa ta minti biyar zuwa goma cikin ruwa mai sanyi, a shimfiɗa a katako, a manne gefuna huɗu da tef ɗin takarda mai ƙaro, a bar ta ta kwana a kwance. Wanda ba ya son wannan wahala ya sayi mai giram 640, ba ta lanƙwashewa.

Kada a yi zanen gwaji a kan takardar aiki. Magogi yana cinye sinadarin da aka shafe fuskar takarda da shi, kuma duk inda aka goge da yawa launi zai shiga ya yi duhu kamar dauɗa. A gama zanen a wata takarda, a kwafe shi da fensir HB, hannu sama-sama.

Burushi uku sun isa: zagayayye lamba 10 ko 12 don manyan wurare, lamba 6 don yawancin fuska, lamba 2 don idanu da ɗinkin tufa. Kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya na haɗi.

Launin jiki ana gina shi ne daga haske zuwa duhu, shafi bisa shafi, kowanne ya bushe sarai kafin na gaba. A duba lambar sinadari a jikin bututun maimakon sunan, domin kamfanoni suna ba launi ɗaya sunaye daban-daban. Rawaya mai kama da ƙasa PY43, ja-ja mai ruwan ƙasa PBr7 ko PR101, ruwan hoda PV19, da shuɗi PB29, waɗannan huɗun suna fitar da kusan kowace irin fatar mutum. Ga mai hasken fata, shafin farko rawaya ce da ɗigon hoda, ruwa ya yi yawa har ya zama kamar shayi marar kauri. Ga mai duhun fata, kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa ruwan ƙasa mai kauri a shafa sau ɗaya, fuska ta fito kamar katako. A fara da lemo-lemo mai ɗumi a ƙasa, a bar goshi da karan hanci da saman kunci da ɗan shuɗi mai ruwa-ruwa, domin duhun fata yana mayar da hasken sama, sannan a hau da PBr7 shafi biyu ko uku. Inuwa a yi ta da PV19 haɗe da PB29. Baƙi na bututu ba ya shiga fuska ko kaɗan. Tun da daga ƙasa ake kallonta, ƙarƙashin haɓa wuri ne babba, kuma idan aka cika shi da duhu ɗaya sai ya zama kamar gemu. A bar ɗan haske mai ɗumi a tsakiyarsa, wanda ke dawowa daga ƙirji.

A guji PR83 da ruwan hodar nan mai ƙyalli da ake sayarwa da sunan Opera. Suna da kyau a ranar farko, amma haske yana cinye su, leɓen da aka yi da su zai koɗe a bango. A nemi launin da aka rubuta masa daraja ta I ko II a jure haske.

Sai baƙar tufa, inda aka fi zubar da takardu. Abin da za a riƙe shi ne, ba baƙin ake zanawa ba, hasken da ke kansa ake zanawa. Farin da ke kan takalmi ko safar hannu farin takarda ne da aka bari tun farko, don haka a zagaye wuraren da fensir kafin a fara. Kowane irin yadi da yadda haskensa yake. Jemammiyar fata tana da haske mai faɗi, gefensa ɗaya a narke, launinsa toka-toka mai shuɗi. Roba mai sheƙi tana da haske siriri, fari fat, gefuna biyu masu kaifi, kuma baƙi mafi duhu yana manne da shi kai tsaye. Karan-miski kuwa akasin haka ne: tsakiya duhu, gefen lanƙwasa ne ke haske. Idan aka yi wa ukun haske iri ɗaya, duk za su koma kamar leda.

Baƙin da kansa a haɗa shi da PB29 da PBr7, kusan daidai wa daida, a ƙara shuɗi inda ake son sanyi, a ƙara ruwan ƙasa kusa da jiki. A haɗa da yawa fiye da yadda ake zato, domin idan ya ƙare a tsakiyar takalmi, kafin a sake haɗawa gefen ya bushe ya bar layi. Shafi na farko shuɗi ne mai ruwa a ko'ina ban da wuraren farin. Na biyu toka mai duhu, a bar na farkon yana leƙowa a gefen haske. Na uku shi ne baƙin, mai kauri kamar madara, a wuraren lanƙwasa da ƙarƙashin gwiwa kawai, a shafa sau ɗaya a ɗauke hannu. Idan aka yi ta komawa, ƙaron da ke riƙe launin yana taruwa ya yi wani ƙyalli mai maiƙo da ba ya fita, ga kuma launin ƙasa da ke tasowa ya zama laka. Fentin ruwa yana ƙara haske idan ya bushe, to abin da ya yi daidai yana jiƙe zai fito toka. A gwada a guntun takarda iri ɗaya, a jira ya bushe, sannan a yanke hukunci.

Ruwan roban da ake rufe farin wuri da shi yana da amfani ga zik da maɓallan ƙarfe da zoben bel. A shafa shi da tsohon burushi da aka goga wa sabulu, a kan busasshiyar takarda kawai, a cire shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya daɗe, ko aka busar da shi da iska mai zafi, yana kama takarda ya yage ta. Gefen da yake bari yana da kaifi ƙwarai, sai a bi shi da burushi mai ɗan danshi a tausasa. Farin fenti mai kauri a ajiye shi don ɗigo biyu ko uku na ƙarshe, a ƙwayar ido da bakin ƙarfe. Idan ya yi yawa yana komawa kamar alli a kan baƙi.

Tabon nan mai kama da fure da ke fitowa a tsakiyar shafi, dalilinsa ɗaya ne: an sa burushi mai ruwa da yawa a wurin da ya fara bushewa. Da zarar sheƙin ruwa ya bar takarda, a janye hannu har ta bushe gaba ɗaya. A taɓa da bayan yatsa, in da sanyi to da saura. A bango irin wannan tabon yana iya zama ado, a kunci kuwa babu abin da zai cece shi. Haka nan a gama fuska da hannaye kafin a sa baƙi kusa da su, domin baƙi yana zubowa cikin fata da ɗigon ruwa ɗaya, kuma idan ya zubo, PB29 ya fi sauƙin ɗagawa da burushi mai tsabta fiye da shuɗin PB15, wanda ke rina takarda har ciki.

Bango kada ya yi gasa da ita. Launi ɗaya mai duhu a bayan ɓangaren fuskar da ke da haske ya wadatar, jan labule ko kore mai duhu, a bar shi ya narke zuwa farin takarda a ƙasa.

Idan aiki ya kammala, a ɗauki kwafinsa da sikana a kan 600 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, kafin a aika, a tura wa mai oda ƙaramin hoto mai tambari a kai, ya cika kuɗi, sannan a saki. Wasu dandalin sayarwa da na biyan kuɗi suna da ƙa'idoji kan irin wannan zane ko da babu tsiraici a ciki, a karanta su tun kafin a karɓi oda. A sa aikin a kwance tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, da takarda marar asid a fuskarsa, cikin leda saboda ruwa, ba a nannaɗe shi. Ambulan ya zama ba komai a bayansa sai adireshi. A gaya wa mai shi ya sa kwalin firam tsakanin zanen da gilashi don kada su manne, ya kuma rataye shi inda rana ba ta bugawa. Hotunan da ya turo don aiki, musamman na mace ta gaske, a goge su daga waya da kwamfuta da ma'ajiyar intanet ranar da ya tabbatar kaya sun isa, a kuma sanar da shi an goge.