Shuɗin haske da jan biron Malam

A ajin ƙarshe a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ba ni aikin nazari kan fulorin a cikin sinadaran da ke haska fuskar waya. Na ɗauka abin a tafin hannuna yake. Tun aji ɗaya muka haddace cewa babu sinadarin da ya kai fulorin jan elektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, kuma haɗinsa da kabon yana da wuyar ɓallewa. Shi ya sa Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938, ke jure wuta a kaskon suya. Sai na rubuta a babi na biyu cewa duk inda fulorin ya shiga, ƙarko ya samu.

Malam ya ja layi da jan biro, ya ce, "To kai, ina labarin FIrpic?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, zan duba."

Mako biyu na yi a kan FIrpic, wani sinadari mai ba da shuɗin haske. Akwai wani sinadari mai ɗauke da ƙarfen iridiyam da ke ba da koren haske. Idan aka cire haidirojin biyu a zoben kabon ɗinsa aka dasa fulorin, sai fulorin ya riƙe elektoron gam, tazarar da suke tsallakawa su ba da haske ta ƙaru, hasken ya karkata zuwa shuɗin sama. FIrpic kenan, kuma har yau abin yana burge ni: ɗan canjin nan ya sauya launi. Amma a cikin na'ura, inda lantarki ke ratsa shi dare da rana, yana lalacewa da wuri, har fulorin ɗin da nake taƙama da shi yakan ɓalle. Shuɗi ya fi kore da ja ɗaukar makamashi, shi ne kuma ya fi saurin cinye sinadarinsa. Na san ƙarfin haɗin a takarda, ban tambayi halin da zai yi aiki a ciki ba.

Ranar da na kai wayata gyara kasuwar Wunti, mai gyaran ya nuna mini wata Samsung da farinta ya koma ruwan ɗorawa, inuwar madannai ta kwanta a ƙasan fuskar ba ta gogewa. Ya ce, "Yallaɓai, sikirin ya ƙone, sai canji." Farin fuskar waya haɗin ja da kore da shuɗi ne, sai na tsaya ina kallon shuɗin da ya riga 'yan'uwansa gajiya, har farin ya koma ɗorawa. Daren nan na yage babi na biyu, na fara daga tambayar Malam.