Ranar da Fatiha ta wuce ni a Agege

A ɗaurin auren farko da aka ba ni aikin hoto, abin da ya fi fitowa da kyau shi ne takalma. Sun fi ɗari a ƙofar masallaci, sau-ciki da silifas, tas da su kamar don su aka gayyace ni. Ina tsugune a kansu wai ina gwada haske, sai na ji lasifika ta ce "Alfatiha". Na zaci ta buɗe taro ce. Ashe ta rufewa ce. Kafin in miƙe mutane sun fara fitowa suna shafa fuska, sanƙira yana ta shela cewa an ɗaura, a kan sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba.

Auren ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, kuma Kawu ne ya karɓa masa. Da yamma ya kira ni.

"Zo nan. Nuna mini inda nake karɓar aure."

"Kawu, wato... hasken ne bai yi ba."

"Haske? Ƙarfe biyu na rana?"

Ya karɓi kyamarar ya yi ta latsawa har ya iso kan takalman. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, ga nawa nan, Allah ya yi albarka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A Agege aka haife ni, ɗaurin auren da na halarta ba ya ƙirguwa. Amma kullum ina cikin 'yan waje masu jiran dabino da alawa, ban taɓa lura da gajartar abin ba. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, liman ya yi addu'a. In babu doguwar nasiha, minti biyar ya isa. Kuma ba a maimaitawa don mai hoto.

Kyamarar tawa Canon 600D ce, tokumbo, na saya a Computer Village da ke Ikeja bayan tarin adashe. Ƙirar 2011 ce, megafiksel 18, da ɗan gilashinta (wato lens ɗin da ake ɗaura mata a gaba) na 18-55. Wata uku na yi ina kwana a YouTube, ina gwaji a kan 'ya'yan yayata da masu tallar burodi a ƙarƙashin gadar Pen Cinema. Na haddace abubuwa ukun da kowa ke farawa da su: buɗewar idon kyamara, saurin ƙyaftawarta, da ISO, wato ƙarfin jin haskenta. Sai dai duk bikin da ake koyarwa da shi a can na coci ne, inda amarya ke takowa a hankali, a sa zobe, kowa ya san inda zai tsaya. Mu kuwa amarya ba ta ma zuwa wurin ɗaurin aurenta. Babu bidiyon da ya gaya mini in shiga masallaci da wuri in zauna kusa da liman.

Bayan wannan abin kunya na je na maƙale wa wani dattijon mai hoto, Bayarabe, a Ikeja. Na yi masa riƙon jaka da fitila kusan wata takwas, ladana kuɗin mota da abincin biki. Ya daɗe yana ɗaukar bukukuwan Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende, har ya fi ni sanin tsarinsu, abin da ya ɗan sosa mini rai. Kwana biyu kafin kowane aiki sai ya kira gidan biki ya tambaya: wane masallaci, bayan wace salla, wa zai ba da aure, akwai kamu ko babu, yaushe za a kai amarya. A bayan katin gayyata yake rubutawa. Ban taɓa jin ya yi zancen megafiksel ba.

Shi ya warware mini matsalar farar shadda, wadda ta fi komai ba ni wahala. Ranar ɗaurin aure ango da abokansa duk fari suke sawa, ga ranar Legas a tsakar ka. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar cewa duk abin da ke gabansa in an gauraya shi toka-toka ne. Da ya ga manyan riguna farare sun cika ko'ina sai ya rage haske, shaddar ta koma ruwan toka, fuskoki su zama baƙi ƙirin, haƙora kawai kake gani. In ka ƙara haske don fuska, rigar ta ƙone, aikin da ke wuyanta ya ɓace. Mutum ya biya maɗinki kuɗi mai yawa a kan wannan aikin, ya duba hoto ya ga kamar zanen gado ya yafa, ai ba zai sake kiranka ba. Abin da Oga ya koya mini mai sauƙi ne. In daina barin kyamara ta yi mini zaɓi, in riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don a samu abin cetowa wurin gyara, in kunna alamar nan da ke ƙyafƙyafta a allo duk inda fari ya ƙone. Sannan in ja mutane inuwa, gefen bango ko bakin rumfa. In babu inuwa, su ba rana baya, in cike fuskar da filasha, tare da tuna cewa a wannan kyamarar filasha ba ta bin saurin ƙyaftawar da ya wuce 1/200 na daƙiƙa. Faɗa wa manyan mutane su matsa inuwa shi ma ilimi ne. Ba ka cewa "ku koma can". Sai dai, "Ranka ya daɗe, rana na dukanka, da an ɗan matso nan."

Legas kanta tana da nata halin. Danshi ne ko'ina: ka fito daga zaure mai sanyin AC zuwa waje, gilashi ya yi gumi, sai ka jira minti kaɗan ya washe, ango kuwa ya riga ya shiga mota. In ka ajiye shi a ɗaki mai laima, fumfuna ta yi saƙa a cikinsa, shi ya sa jakata cike take da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Wutarmu kuma tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun zauren biki suna rawa da ita ba tare da ido ya gani ba. In ka yi saurin ƙyaftawa da yawa, hoto ɗaya ya fito kore, na bayansa ruwan ɗorawa. Saukowa zuwa 1/100 yakan rage abin. Batun gosulo kuwa ba sai na faɗa ba. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, amma ranar da ta ga dama sai ta cinye maka wuni, kuma tun da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, babu mai fitar da kai kunya. In aiki a Obalende yake, daga sallar asuba nake kama hanya.

Cikin gida ya fi masallaci wuya. Wurin kamu da sa lalle na mata ne, kai kuma namiji ne da kyamara a wuya. Sai ka yi sallama ka tsaya, a ba masu gyara mayafi lokaci. Akwai wadda ba ta son a ɗauke ta sam, wata mijinta ne ba ya so, wata kuma ita ce za ta bi ka har bakin ƙofa tana "mai hoto, ni ba ka gan ni ba ne?" Na sayi gilashin 50mm mai buɗewar f/1.8, wato idonsa na buɗewa sosai, saboda duhun ɗakunanmu, kuma yana shan haske sosai. Amma a jikin 600D ana ninka shi da 1.6, ya zama kamar 80mm, wato yana jawo abu kusa, fili kaɗan ne ke shiga hoto. A ɗakin haya na Agege, bayanka na jikin bango, fuska biyu kawai ke shiga. Don haka tsohon gilashin nan na 18-55 da na raina har yau yana aljihuna.

Kuskurena na biyu a nan na yi shi, lokacin da na fara karɓar aiki ni kaɗai. Na kai albam gidan wata Hajiya a Idi-Araba, tana buɗewa tana murmushi, har ta kai ƙarshe. Sai ta rufe ta ce, "Ɗan nan, ina Inna?" Kakar amarya ke nan, wadda ta taso tun daga Katsina a mota saboda bikin. Na cika albam da ƙawaye masu anko da gwaggwaro da kwalliya, domin su ne ke tsayawa gaban kyamara. Tsohuwar tana can kan tabarma a lungu tana ɓare goro, ban ko kalle ta ba. Na yi sa'a na same ta a gefen wani hoto, na yanko, na buga. Ya ɗan dushe, amma shi Hajiya ta sa a firam.

Tun daga ranar, da na isa gidan biki nake neman babbar ƙawar amarya ko wata ƙanwarta mai wayo, in ce ta nuna mini mutane. Wacce ce gwaggo, wacce ce uwar ɗaki, wa ya zo daga nesa. Musamman in amarya 'yar fari ce, uwarta ba za ta fito gaba ba saboda alkunya, sai ka neme ta da dabara, wani lokaci a bakin murhu. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka matar da ta fi kowa kai-da-kawo ita ce uwar amarya.

Wurin dina ya fi sauƙi, akwai fitilu, akwai mai gabatarwa da ke sanar da abin da ke tafe. Abu ɗaya ne ya sauya: liƙi. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta watsa naira da tattaka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Da ba wanda ya damu, amma tun da aka tsananta gurfanar da mutane a kai a 2024, masu biki da kansu ke ja na gefe su ce kada hoton liƙi ya hau Instagram. Ni dama ba na ɗora hoton kowa sai na tambaya. Da na koma gida kuma, ko ƙarfe nawa ne, sai na kwafe hotuna wuri biyu kafin in kwanta, saboda memori ɗaya tak kyamarata ke ɗauka.

Watan jiya Kawu ya aurar da 'yarsa, wannan karon ƙaninsa ya naɗa wakili ya ba da auren. Rabin sa'a kafin lokaci ina cikin masallaci, na nemi izinin liman, na zauna gefen dama inda taga ke zubo haske, batir na biyu a aljihun gaba. Kawu ya shigo da babbar rigarsa fara sol, ya zauna, ya gyara hula. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yau wa ka bar wa takalman?"