Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wayar birki

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya damƙa mini shagonsa na kayan keke a Kinshasa. To a wannan shago ne wani saurayi ya riƙa zuwa sayen wayar birki, ita kaɗai, ban taɓa ganinsa da keke ba. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye shi, da ɗan Faransancin da na taso da shi a Maraɗi. Ya ce tsirkiyar gogensa ce ta tsinke, kuma samun wata a garin sai an sha wuya.

Ni gogen da na sani na ƙwarya ne da fatar damo da izgar doki. Nasa na Turawa ne, na katako, mai tsirkiya huɗu, a kafaɗa ake ɗora shi.

Wata yamma na bi shi unguwar Ngiri-Ngiri, gidan Armand Diangienda, jikan Simon Kimbangu, wani jagoran addinin Kirista na ƙasar Kwango wanda Turawan Beljiyam suka tsare shekara 30 har ya rasu a kurkuku a 1951. Shi Armand matuƙin jirgin sama ne. Da aikin ya tsaya, a 1994 ya tara 'yan cocinsu ya kafa ƙungiyar makaɗa. Kayan kiɗan ba su isa ba, goge ɗaya sai an yi karɓa-karɓa. Ba a biyan kowa. Mai dako, mai ɗinki, mai gyaran lantarki, kowa ya taso daga neman abincinsa a gajiye ya zauna ya buɗe takardar kiɗa.

Daga bakin ƙofa na tsaya, don addininmu ba ɗaya ba. Ana cikin yi aka ɗauke wuta. Wallahi ko mutum ɗaya bai dakata ba. A cikin duhun nan na ji sautin ya cika tsakar gida, tsikar jikina ta tashi, na san wayar shagonmu na cikin abin da ke kukan.

Tun daga ranar na daina karɓar kuɗin saurayin. Da Kawu ya duba lissafi ya ce, "Kai ɗan nan, kasuwa na kawo ka ko sadaka?"

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ku cire a nawa."

Ya cire kuwa, wata uku a jere. Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka yi shi kansa ya bi ni Ngiri-Ngiri.