Sati takwas muna jiran kakin Inna

A gidanmu na Argungu ba a taɓa kiran ciwon da Inna ta yi da sunansa ba. Sai dai ka ji an ce "lokacin da ta yi ciwon ƙirji", ko "shekarar da ta rame". Tarin fuka ne kuwa. Da daminar 2019 ya kama ta: tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, zufa ta jiƙa mata zane cikin dare, abinci ya fita ranta. Sai da muka gama zagayen kemis da jiƙe-jiƙe kafin aka gwada kakinta da na'urar GeneXpert, aka ce shi ne. Magani kyauta aka ba ta, wata shida cur, wata biyun farko ƙwaya mai haɗin magani huɗu, sauran wata huɗun mai haɗin biyu. Ina tuna safiyar da ta kira ni a firgice don fitsarinta ya koma ja. Ma'aikacin lafiya ya yi dariya ya ce aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin ƙwayar. A farkon 2020 aka sallame ta, kwanonta da moɗarta da aka ware suka koma cikin na jama'a, muka rufe babin.

Yayarmu ce ta sake buɗe shi ba da niyya ba. Ita ce 'yar fari, ma'aikaciyar jinya ce a jihar Teksas ta Amurka, kuma da ta samu takardar zama 'yar ƙasa sai ta cike wa Inna fom ɗin I-130. Bizar iyaye ke nan, wadda suke kira IR-5, kuma ɗa ko 'ya ba ya nema wa mahaifansa ita sai ya zama ɗan ƙasa mai shekara 21 zuwa sama. Inna, da ba ta faɗin sunan Yaya saboda kunyar fari, cewa kawai take "waccan ta matsa sai na je na ga ɗiyanta". Aka yi ta jira. Bayan ƙaramar Sallar 2023 takarda ta fito: ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, don a lokacin a can ake yin bizar zama ta 'yan Najeriya, kuma kafin ranar sai an yi gwajin lafiya wurin likitan da su suka amince da shi. Ni ne auta, ni ke kusa, don haka rakiya ta faɗo kaina.

Da daren da labarin ya iso Kawu ya shigo. Ya yi zaman Saudiyya, don haka a danginmu shi ne masanin duk abin da ya shafi fita waje. Ya zauna bisa tabarma, ya rage murya kamar bango na da kunne.

"Wanga abu ya wuce, mi za ku tona shi? In sun tambaya ku ce ba ta taɓa yi ba. Ku ba ta madara ta sha kwana ukku, ƙirji ya wanke, hoto ya hito tas."

Ban yi masa musu ba, don gaskiya ni ma zuciyata ta karkata can. Yaya ce ta tsaya kai da fata a waya. Ta ce madara ciki take zuwa, ba huhu ba. Ta ce tarin fuka yakan bar tabo a saman huhu ko bayan an warke, kuma duk wanda ya haura shekara 15 sai an ɗauki hoton ƙirjinsa. Sannan ta faɗi abin da ya fi tsaya mini: ciwon da aka warke ba ya hana biza, wanda ba a warke ba ma jinkiri yake jawowa har a gama magani, amma ƙaryar da aka kama a neman biza tana iya rufe wa mutum ƙofa har abada. "Ka nemo mini katin maganinta," in ji ta, "komai tsufansa."

Nan gizo ya yi saƙa. Katin ya tafi da ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadama ta kuma rusa ɗakin da Inna ke ajiye kwallarta ta takardu. Na koma ƙaramin asibitin da take karɓar magani. Zuwan farko mai riƙe da makulli ya yi tafiya, na biyu aka ce sai jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma ya sa hannu. A na uku aka ciro wani ƙaton rajista mai ƙura, muka bi layi-layi da yatsa har muka iske sunanta. Komai yana nan: lambarta, ranar da ta fara, nauyinta, sakamakon kaki na wata na biyu da na biyar da na shida, da kalmar ƙarshe cewa ta warke. Suka rubuta mini wasiƙa da duk wannan, aka buga hatimi. Ban taɓa ganin girman aikin mutanen da ke cike irin wannan littafi da biro ba sai ran nan.

Akwai kuɗin da na zubar a banza, bari in faɗa don wani ya tsira da nasa. Na kai ta Birnin Kebbi aka ɗauki sabon hoton ƙirji a wani wuri na kuɗi, wai in je da hujja. Likitan biza bai ko sa shi cikin lissafi ba, nasu suke ɗauka da injinsu. Amfaninsa ɗaya: na ga tabon da idona, wani fari-fari a saman dama, na san maganar Kawu ba ta da wurin tsayawa. Duk da haka sai da Inna ta sha madarar, don kada ransa ya ɓaci.

Muka hau mota. Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ibadan. Tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya, ƙafafunta suka kumbura kafin mu isa. A Agege muka sauka, gidan wani ɗan garinmu mai sayar da albasa.

Ranar gwaji aka duba fasfo, aka ɗauki hotonta, aka auna tsawo da nauyi da hawan jini. Sai muka shiga wurin likita, mace ce Bayarabiya, ni kuma tafinta. Wasiƙar tana aljihun rigata a ninke. Ta fara jero tambayoyi da Turanci ina juyawa: ciwon suga, farfaɗiya, tiyata, kwanciya asibiti. Da ta iso kan tarin fuka, wallahi sai da na ji bakina ya yi nauyi, muryar Kawu ta dawo mini, na ga yadda kalma ɗaya daga bakina za ta wuce ba wanda ya sani. Kafin in buɗe baki Inna ta tsinci "tibi" cikin Turancin, don sunan da ma'aikatan asibiti ke faɗa ke nan. Ta ɗaga yatsu shida ta nuna wa likitar.

"Auta, gaya mata na yi. Wata shida na sha, ko kwana guda ban tsallake ba."

Na ciro wasiƙar ina jin kunyar kaina. Likitar ta karanta a nitse, ta tambayi ko an taɓa yi mata allurai cikin maganin, ko an taɓa ce mata maganin farko bai yi aiki ba. Na ce a'a. Daga baya na gane tana laluben irin tarin nan ne mai bijire wa magani. Ta ce takardar ta taimaka ƙwarai, amma ba ta ɗauke gwajin kaki ba. Ƙa'idar ba tata ba ce, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ce ta shimfiɗa wa duk likitocin bizarsu a duniya: wanda hotonsa ya nuna alamar ciwon sai ya ba da kaki sau uku, safiya uku, a gaban ma'aikacinsu. A duba a madubin likita, sannan a shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

"Kwana nawa?" na tambaya.

"Sati takwas."

Ganawarmu saura kwana goma sha biyu a lokacin. Na fara roƙo irin namu, ko akwai na gaggawa a ƙara kuɗi. Ta girgiza kai ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Ƙwayar tarin fuka malalaciya ce wajen hayayyafa: wasu ƙwayoyin cuta kan rabu biyu cikin minti ashirin, ita kuwa takan kusa cin yini da kwana kafin ta rabu sau ɗaya. Don haka ba a cewa babu ita sai an ba ta makonni ta nuna kanta. Na ce to GeneXpert fa, da ke fitar da sakamako cikin awa biyu? Ta ce ga wanda ya taɓa shan magani wannan na'ura tana iya tsinto ɓurɓushin matattun ƙwayoyi ta ce akwai ciwo, alhali babu. Shukar ce ke raba mai rai da gawa. Ta kuma ja mini kunne kada a ba Inna wani maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis a kwanakin, don yana iya ɓata gwajin.

Safiya ukun nan su ne wahalar tafiyar gaba ɗaya. Daga Agege sai mun fito kafin asuba saboda cunkoso, ba karin kumallo. Ana tsayar da mutum a wani keɓantaccen wuri mai iska, a sake duba fasfo, a miƙa masa ɗan roba mai murfi, ma'aikaci yana kallo. Matsalar ita ce Inna ba ta tari. Ta yi kakari har idonta ya kawo ruwa, abin da ya fito yawu ne, aka ƙi karɓa. Sai aka sa mata abin rufe hanci da baki, ta riƙa shaƙar tururin ruwan gishiri na wasu mintoci, har ƙirjin ya motsa. Da ta fito tana share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Da ina tari ana guduna, yau ba ni yi ana roƙona." Har ma'aikacin sai da ya nemi in fassara masa abin da ya sa nake dariya.

Rigakafi ma an yi mata a nan, tun da ba ta da katin ko ɗaya. Duk kuɗin gwajin da na alluran daga aljihun mai nema yake fita.

Ganawa ba ta kaiwa ga biza sai da sakamakon likita, don haka muka tattara muka koma gida jira. Nan ne lissafina ya ƙara rushewa. Na yi kasafin tafiya ɗaya, ta zama biyu, kuma tsakaninsu aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya tashi sama. Da na sani tun farko cewa mai tabon wannan ciwo sai ya yi sati takwas, da ranar da takardar ganawa ta fito muka kama hanya, ba mu tsaya zagayen Birnin Kebbi ba.

Jiran kansa bai yi wa Inna daɗi ba. Maganar da aka binne shekara uku ta fito fili, maƙwabta suka fara tambayar me ya dawo da ita. Wata ma ta daina aiko jikanta. Kullum bayan sallar isha'i sai ta tambaye ni, "Ba su kira ba?" Na ce rashin kiran shi ne alheri, don da wani abu ya tsiro da tuni sun neme mu. Da hakan ta faru, da sai ta sake shan magani na aƙalla wata shida, kowace ƙwaya a gaban ma'aikacin da suka amince da shi, sannan a ci gaba da maganar biza.

Bayan babbar Sallah, a farkon Yuli, saƙo ya shigo: duka ukun babu abin da ya tsiro. Aka sa ta a rukunin da suke kira B1, wato mai alamar ciwon amma kaki ya fito fes. Muka koma Legas, aka gama abin da ya rage, fasfo ya fito da biza.

A nan na kusa yin kuskure mafi girma. Kowa ya gaya mini bizar zama wata shida take yi. Gaskiya ne ga wanda gwajinsa bai nuna komai ba. Na rukunin Inna kuwa gwajin wata uku kawai yake yi, ana ƙirgawa daga ranar da sakamakon shukar ya fito, kuma biza ba ta wuce ranar mutuwar gwaji. Inna ta riga ta yanke cewa sai ta ga an yanke shinkafarta da kaka, ni ma na biye mata. Yaya ce ta ce in ɗauki hoton bizar in turo. Minti biyu ba a yi ba ta kira.

"Ka karanta ranar ƙarewa kuwa? Farkon Oktoba ce. In ta wuce, sabon gwaji, sabon kaki, sabon sati takwas."

Cikin Satumba ta tashi, shinkafa tana ɗaukar ciki. A jakar hannunta na sa faifan hoton ƙirjin da aka ba mu, da takardar rigakafi, da kwafin wasiƙar nan mai hatimi. Ba a daɗe da isarta ba ma'aikatar lafiya ta yankin da Yaya take ta nemi a kawo ta a sake dubawa, kamar yadda ake yi wa duk mai B1. Suka kwatanta sabon hoto da na Legas, suka karanta wasiƙar Argungu, suka sallame ta.

Da kaka na kira ta na gaya mata buhu nawa aka samu. Ta ce in kai wa Kawu biyu, in kuma kai ɗaya ga yaron nan na asibiti da ya ciro rajista. Na kai masa. Ya daɗe yana kallon buhun, bai tuna ko wace tsohuwa ba ce sai da na ɗaga masa yatsu shida na faɗi shekarar.