Aikina da ɓeraye a Viyana

A watan Oktoba na sauka Viyana, babban birnin Ostiriya, sanyi ya fara kankama. Dokarsu ita ce duk wanda ya kama gida ya yi rajistar adireshinsa cikin kwana 3, don haka na san hanyar ofishin gunduma tun kafin in san ta kasuwa. Ran Lahadi shaguna a rufe suke, cefane sai Asabar a Brunnenmarkt, wajen mahautan Turkawa. Juma'a kuwa, in aiki ya sake ni, sai babban masallacin Floridsdorf da ke gefen kogin Danube. Duk wannan ban daɗe ba na saba.

Ɗakin ɓerayen gwaji na wurin da na zo aikin bincike ne ya ɗauke ni lokaci. Na tashi a Zariya ina ganin ɓera maɓarnaci ne mai huda buhu, sai ga shi a nan ba a bari ka taɓa ko ɗaya sai ka yi kwas an ba ka shaida. Kafin ka shiga sai ka sauya kaya, ka sa hula da safar hannu, don kada ka kai musu cuta. Kowanne da lambarsa, fitila awa 12 a kunne, awa 12 a kashe.

Abin da muke nema yana cikin ƙaramin hanjinsu. Idan aka yanko shi siriri, aka rina, aka ɗora a madubin ƙara girma, za ka ga ƙananan ramuka jere a bangon hanjin. A can ƙasan kowane rami akwai wasu ƙwayoyin halitta cike da ɗigo-ɗigo jajaye. Su ne ƙwayoyin Paneth, sunan wani likita ɗan garin nan, Joseph Paneth, da ya bayyana su a 1888, ya rasu a 1890 yana ɗan shekara 32. Ranar da na fara ganinsu da idona na daɗe ban ɗago kai ba.

Ɗigon nan makamai ne. Da ƙwayoyin Paneth sun ji ƙwayar cuta ta kusanto sai su feso sinadaran da ke fasa ta, irin su lisozayim da difensin. A 2011 kuma ayarin masani Hans Clevers a birnin Utrecht na ƙasar Holan ya nuna cewa ƙwayoyin da ke sabunta bangon hanji a tsakanin ƙwayoyin Paneth suke zaune, kamar jinjiri a tsakiyar goggonni, suna samun kariya da abin da ke sa su hayayyafa. Bangon hanji kwana 3 zuwa 5 yake yi a sauya shi, amma ƙwayoyin Paneth sai su yi makonni suna nan.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma ina ganin ana saurin mance wannan. Ɗan tayin mutum yana fara samun ƙwayoyin tun a ciki, jaririn ɓera kuwa ana haihuwarsa babu su, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu suke fitowa, su kammala wajen lokacin yaye. Mutum difensin iri 2 yake da su a nan, ɓera nasa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Amma wannan jinkirin ne ya sa jaririn ɓera ke da amfani wajen nazarin ciwon ruɓewar hanji da ke kama bakwaini.

Inna ta tambaye ni a waya, "To Auta, wa wannan aiki zai amfana?" Na ce mata, "Inna, kun san ƙwayar zink da ake ba yara tare da ruwan gishiri da sukari in suna gudawa? Ƙwayoyin hanjin da nake nazari cike suke da zink." Yaran da gudawa da tamowa ke kayarwa a gida su ne a raina, shi ya sa na roƙi shugabar ɗakinmu ta ba ni gwajin ɓerayen da aka rage wa zink a abinci. Ta amince, takardar neman izinin tana gaban hukuma.